Garejin Hajiya a Tudun Wada: shagon da ya riƙe tukunyarmu lokacin kulle

Mahaifina bai taɓa bar wa kowa cefanen gidanmu ba. Tun ina yaro shi ke fita da buhu a bayan mashin, ya shiga kasuwar Tudun Wada ta nan Zariya, in albashi ya shigo kuma ya wuce Sabon Gari, ya dawo Umma ta baje kayan a tabarma tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ya san mahaucinsa, ya san mai shinkafarsa, har mahaifin mai shinkafar ya sani. Aikina a ciki bai wuce sauke kaya daga mashin ba.

Ranar 26 ga Maris 2020 aka kulle jihar Kaduna saboda korona, ba fita dare da rana. Bayan kwana biyu Gwamna Nasir El-Rufai ya fito da kansa ya ce ya kamu. A daren nan Baba ya kira ni ɗakinsa. Shekarunsa sun haura sittin, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma ya ji a rediyo cewa irinsu cutar ta fi kayarwa. Ya miƙo min katin banki da 'yar takarda, ya ce, "Ga shi. Baki tara ne a gidan nan. Ka kula." Lokacin ina aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello, ga yajin aikin malaman jami'a da aka shiga a watan, ga makarantu duk a rufe. Haka cefane ya dawo hannuna.

Shagon da zan yi bayani a kansa ba shi da allo, ba shi da suna. Gareji ne na wani gida a cikin Tudun Wada, 'yan unguwa suna ce masa garejin Hajiya. Ba wanda ya roƙe ni in rubuta wannan, kuma ba a taɓa rage min ko sisi don in yabe shi ba. Zan faɗi abin da ya yi mana daidai, zan kuma faɗi inda ya ɓata min rai, domin akwai.

Sai dai bari in fara da ranar da ta tura ni can. Da aka ga zaman ɗaka zai galabaitar da mutane, sai aka riƙa buɗe gari kwana biyu a mako don a sayi abinci. Ranar farko na fita da sassafe a ƙafa, don an hana acaba da keke napep. Ban taɓa ganin kasuwar Tudun Wada haka ba, ko a jajiberin Sallah. Kafaɗa da kafaɗa, numfashi kan numfashi, ana ta shelar a ba da tazara alhali babu inda za ka ajiye ƙafa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fuskokin da na gani: kusan duk sa'o'ina ne. Samari da 'yan mata riƙe da takarda ko waya, kowa aiko shi aka yi, an bar dattawa a gida. Sai ka ga saurayi tsaye gaban mai wake yana kiran gida, "Mama, fari ko ja?" Masu kaya sun gane baƙin kasuwa ne suka cika ta. Wasu suka ji tsoron Allah, wasu suka tsawwala yadda suka ga dama. Na dawo bayan azahar da rabin abin da ke takardar, tumatir ya farfashe a ƙasan buhu, shinkafar da na biya kuɗin tiya biyar kuma Umma ta auna da tata tiyar ta samu huɗu da rabi. Ba ta yi min faɗa ba. Ta sa na yi wanka a banɗakin waje, na jiƙa kayan jikina, sannan na shiga gaida Baba. Ina wankan ina lissafi: muddin kowane mako zan shiga wannan turmutsitsi in dawo gida, zaman da Baba yake yi a ɗaka ba shi da wani amfani.

Ƙanwata ce ta nuna min sitatus ɗin wata ƙawarta a WhatsApp: hoton takarda da rubutun hannu, jerin kaya da farashinsu, a ƙasa an rubuta "ana kawowa gida". 'Yar Hajiya ce, ɗaliba a lokacin a kwalejin ilimi ta tarayya ta nan Zariya, ita ma rufe makarantu ya zaunar da ita. Hajiya ta daɗe tana sayar da hatsi da kayan miya a garejin. 'Yar ce ta ɗora harkar a kan waya.

Tsarin ba wuya. Kullum da safe takan sa farashin ranar. Ka rubuta abin da kake so ka tura kafin sha biyu, ta haɗa lissafi ta turo maka, ka tura kuɗin ta banki, ko ta manhaja ko ta lambobin nan da ake dannawa a ƙaramar waya. Alat na shiga sai a auna. In kana cikin unguwa yaron shago zai biyo lunguna da keke ko baro, ya ajiye a zaure, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya. Kuɗin kawowa a lokacin naira ɗari. Na Gyallesu da Tudun Jukun da Kongo sai ranar da aka buɗe gari, har Samaru da Palladan akan kai idan kaya sun taru. Wanda ya fi son zuwa da ƙafarsa zai tarar da bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, da benci da aka gitta don kada kowa ya shiga ciki.

Hajiya ba ta rubutu a waya. Saƙon murya take turowa ta wayar 'yarta, da Zazzagancinta tsantsa. Na farko da na samu har yau yana kunnena: "Ɗana, shinkafan da ka ce ya ƙare. Akwai wani, amma yana da tsakuwa. In saka maka ne, ko ka jira Laraba?" Wannan tambaya ce ta fara saye ni. Ban ga kayan ba, ban taɓa ba, da ta zuba min ba abin da zan iya yi sai bayan an dafa, amma ta faɗi aibinsa tun kafin in biya.

Duk wanda ya saba da kasuwa ya san da ido da hannu ake cefane. Ka damƙi wake ka duba ko ya huje, ka ɗan tauna shinkafa ka ji bushewarta, ka shinshina manja, ka leƙa gindin tiya ko an bubbuge shi ya shige ciki. Sayayya ta waya ta kwashe wannan duka, ta bar ka da mutumin da ke riƙe da ma'aunin. Shi ya sa Umma ba ta yarda da tsarin ba ko kaɗan da farko. Ta ce ita ba ta san ciniki da wanda ba ta ga ƙwayar idonsa ba. Duk abin da aka kawo sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko tsohuwar tiyarta, ta ce, "Kai, zo ka tsaya," don ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta sake awo a gabana, tiya bayan tiya. Wata guda cur tana haka. Ko sau ɗaya awo bai gaza ba, sau da yawa ma akan samu gyara a kai, kamar cikin tafin hannu. A mako na biyar aka kawo gero, ta karɓa ta juye a roba kai tsaye. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Shinkafa iri biyu Hajiya take ajiyewa, duka 'yar gida, don tun watan Agustan 2019 da aka rufe iyakokin ƙasa 'yar waje ta yi wuya ta yi tsada. Akwai ta injin zamani wadda ba a tsinta, akwai ta masu turarawa a gida, mai sauƙin kuɗi, wadda sai an zauna an rege. Mu mai sauƙin muke saye, ta injin sai ranar Juma'a. Baba kuwa saboda sugansa an rage masa shinkafa, ya fi cin acca da alkama da wake. Na ambata mata sau ɗaya kawai. Bayan mako biyu ta turo saƙo cewa ta sa an taho mata da acca daga kudancin jihar, ta kuma gargaɗe ni cewa an wanke ta amma a sake wankewa, don acca ba ta rabuwa da yashi. Tun daga ranar ba ta bari ta yanke mana.

Wakenta ne na fi yabawa. Kowa ya san matsalar wake a ƙasar nan: ƙwaro yana cinye shi a ajiya, don haka wasu masu ajiya suke barbaɗa masa maganin ƙwari, wani lokaci irin wanda bai kamata ya kusanci abinci ba. Hajiya tana sayen nata tun da kaka ta zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure kowace leda daban. Iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki ya mutu da kansa, ba sai an sa komai ba. Idan na ajiyarta ya ƙare ta sayo na kasuwa, takan faɗa, ta ce a shanya shi a wanke sosai. A wajenta na fara jin wannan bayani, ni da na yi shekara uku ina wuce ƙofar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, inda ake fitar da irin waken da ake kira SAMPEA da masarar SAMMAZ, waɗanda farkon sunansu ma daga Samaru aka ɗauko shi. Kulle ne ya sa na fara tambayar daga ina abin da ke cikin kwanona ya fito.

Man gyaɗarta daga wajen wasu mata masu ƙuli-ƙuli a cikin birni take karɓowa, a kwalba, da ƙamshinsa. Manja ya yi ta hawa a watannin nan, don ko da yake an ce motocin abinci su wuce, jinkirin hanya da kuɗin mota duk a kan kaya suke sauka, amma ban taɓa samun wanda ya canza launin tuwo ko ya yi ɗaci ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, kanwa, duk ba ni da ƙorafi a kansu.

Farashi kuwa, gaskiya ta ɗara kasuwa. A kan tiya ɗaya takan ɗora naira talatin zuwa hamsin, kuma ba a ciniki, abin da aka rubuta da safe shi ne. Baba ya daɗe yana jin zafin wannan, don a wajensa sayen da ba a taya ba ba saye ba ne. Ni dai lissafina daban: tiya biyar cikakku da ƙarin naira hamsin-hamsin sun fi min huɗu da rabi a farashin kasuwa, ban da wahalar tafiya da haɗarin kwaso ciwo.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, cikin zafin nan na Zariya kafin ruwa ya sauka sosai. Ba tafsiri a masallatai, ba asham a jam'i, kowa yana gida, kuma buƙata ta ninka: gero da tsamiya na kunu, waken ƙosai, sukari, citta, kanumfari, dabino. A nan ne wani abokina na layinmu ya kawo shawarar da har yau nake ganin ita ce mafi amfanin abin da muka yi a shekarar. Ya buɗe mana zaure a WhatsApp, mu goma sha ɗaya, kowa shi ke riƙe da cefanen gidansu, babu wanda ya kai shekara talatin. Maimakon kowa ya sayi tiya biyu tiya uku, sai mu haɗa kuɗi a sayi buhun gero guda, buhun masara, buhun sukari, jarkar manja, a raba. Iyayenmu mata suka sa masa suna adashin abinci.

Da muka kai wa Hajiya maganar na ɗauka za ta ƙi, don a fili yake ribarta ta awo ce za ta ragu. Ta yi shiru a wayar, sannan ta ce mu ba ta kwana biyu. Ta sa aka ɗauko mana buhunan daga Giwa a farashin sari, ta zauna da kanta ta raba tiya-tiya, 'yarta tana rubuta sunan kowane gida a jikin leda. Ladan awo kawai ta karɓa, naira ashirin a tiya. Abin da ya saura a gindin buhu, wanda bai kai a raba ba, ta tambaye mu wa za a ba. Muka ce ta zaɓa. Ta aika wa wata tsohuwa a bayan layinsu.

Ranakun da aka buɗe gari nakan je da kaina in tsaya a bakin bencin, kuma a nan na ga yadda sayayyar sa'o'ina ta riƙa sauyawa. Akwai ɗalibai da yawa da kullen ya ritsa da su a ɗakunan haya a Kongo da Samaru, an rufe hanyoyin shiga jihohi, ba su samu tafiya gida ba. Makonnin farko abin da suke tura wa a auna musu bai wuce taliya, Indomie, ƙwai, burodi, madarar leda da lemon kwalba ba, irin cin wanda yake ganin mako biyu za a yi a buɗe. Zuwa tsakiyar azumi kuɗi sun ja baya, iyayen da ke turo musu su ma suna zaune. Sai jerin ya koma garin kwaki, wake, garin masara, kuka, daddawa. Samarin da ba su taɓa riƙe muciya ba suka fara tambayar yadda ake kaɗa miya. Hajiya ta yi saƙon murya na minti huɗu a kan miyar kuka, tun daga soya albasa har zuwa yadda za a rage wuta a riƙa barbaɗa kukar ana kaɗawa don kada ta yi gudaji. Saƙon nan ya zaga wayoyi, har daga wajen wani ɗan ajinmu da ke Hayin Dogo ya dawo min, bai san na san mai muryar ba. Daga baya ta haɗa abin da ta kira ƙullin ɗan makaranta: mudun garin masara, kuka, daddawa, barkono, ƙullin manja da magi, a leda ɗaya, wanda zai kai mutum ɗaya kwana huɗu ko biyar. Ya fi komai tafiya a shagon.

Citta da tafarnuwa da lemon tsami su ma sun yi kasuwa, don an yi ta yaɗa cewa suna kare mutum daga cutar. Ina tsaye wani ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce, "Ni abinci nake sayarwa, ɗana. In jikinka ba daɗi ka tafi asibitin Shika." Da ta ce masa e, da a ranar ta sayar da rabin buhu.

To, inda shagon ya gaza.

Kayan gwari ba nata ba ne, kuma da ta haƙura da su tun farko da ya fi. Garejin rufin kwano ne, ba firji, ga zafin Afrilu da Mayu. Takan sayo tumatir da tattasai ranar da aka buɗe gari ta riƙa sayarwa har mako ya zagayo. Ranar ashirin ga azumi aka kawo mana tumatir bayan la'asar, Umma ta buɗe leda sai ruwa da wari, fiye da rabi ya lalace. Na kira, Hajiya ta ba da haƙuri, ta aiko da kauɗa a madadinsa ba tare da karɓar ƙari ba, amma kafin ya iso an kira magariba, ranar da miyar kuka muka yi buɗa-baki bayan an sa rai da dafa-duka. Na san lokacin ma ba na tumatir ba ne, na rani da ake nomawa a fadamun Galma da wajen Hunkuyi yana ƙarewa, na damina bai zo ba. Duk da haka wanda ya ɗaura ledar ya ga abin da ya ɗaura. Tun ranar na raba: busassun kaya a wajenta, ɗanye kuma in je da kaina kasuwannin wucin gadi da aka buɗe a filayen makarantun gwamnati, in zaɓa da hannuna. Nama da kifi dama ba ta sayarwa.

Idan Hajiya ta shiga cikin gida aka bar 'yar ita kaɗai, hannun yakan canza. Sau biyu ana sauya min kaya ba a tambaye ni ba, sau ɗaya magi, sau ɗaya garin sabulu, aka sa wani iri daban don wanda na ce ya ƙare. Sau ɗaya kuma farashin sukari da na gani da safe ba shi aka lissafa min da rana ba, sai da na tura mata hoton abin da ta rubuta da hannunta. Ta gyara, amma ba ta ji daɗi ba, ni ma haka.

Akwai ranar da na tura kuɗi, banki ya cire, alat bai shiga wajenta ba. Na tura mata shaidar cirewa, ta ce ita sai ta gani a nata. Babu komai a gidan ranar sai gero. Dole na sake tura wasu kuɗin daga na makon gaba, na farkon kuma sai bayan kwana tara suka dawo. Laifin na'urar banki ne, na sani, kuma na san masu turo alat na bogi sun sa kowa ya shiga taitayinsa. Amma mako shida muna ciniki ba a taɓa samun matsala ba. Da labari ya kai kunnen Hajiya ta yi wa 'yar faɗa, ta ce gidan da aka sani ba a riƙe musu abinci saboda waya. Bai sake faruwa da ni ba.

Kawo kaya ma ya yi tsami na ɗan lokaci. Yaron farko almajiri ne, mai hanzari da riƙon amana, kullum da takunkumin atamfa da wani tela ya ɗinka masa. Da aka fara mayar da almajirai jihohinsu ya tafi, ko sallama ba mu yi ba. Jikan Hajiya ya karɓa, shi kuma sai a ce bayan azahar ya zo gab da magariba.

Abin da ya fi damuna ba ni ya shafa ba. A lokacin ba a kai kaya gida sai sayayya ta kai naira dubu biyu, kuma sai mai asusun banki. Maƙwabcinmu ɗan acaba ne, da mata da yara uku, an hana shi aiki, dama can hannu baka hannu ƙwarya ne. Cefanensa na ɗari ne, na hamsin, gwangwanin gari yau, ƙullin manja gobe. Wannan tsari na waya ba don irinsa aka yi shi ba, alhali shi ya fi kowa buƙatar kada ya fita. Na yi wa Hajiya magana. Na ce, "Hajiya, masu ƙaramin ƙarfi fa?" Ta ce, "Ɗana, yaro ɗaya ne, ƙafansa biyu. In na aike shi da na hamsin gida ashirin, yaushe zai dawo?" Gaskiyarta ce ta wani ɓangaren. Mafitar da muka samu ita ce mu riƙa cusa ɗan abin da yake so a cikin namu lissafin, ya ba ni kuɗin a hannu. Amma mu muka nemo mafitar, ba shagon ba, kuma gidaje nawa ne ba su da maƙwabcin da ke saye a can?

Haka batun bashi. Tana da littafi, tana bayarwa, har na san gidajen da ta ɗauka wata biyu ba ta tambaye su ba. Sai dai tambayarta ta farko ita ce, "Ɗan gidan wa ne?" Wani ɗan ajinmu da ya fito daga jiha mai nisa, wanda kullen ya tsare a ɗakin haya, ya nemi ƙullin ɗan makaranta biyu zuwa ƙarshen wata aka hana shi, don ba a san iyayensa ba. Sai da na tsaya masa. Na fahimci tsoronta, ɗalibi yana iya tafiya ba a sake ganinsa ba. Amma Zariya gari ne na ɗalibai, kuma baƙon da ba shi da kowa shi yunwar ta fi kamawa a watannin nan. Ya biya ranar da ya ce, har yau kuma idan muka yi waya sai ya ce in gaida Hajiya.

Aka yi Sallah ranar 24 ga Mayu ba Idi ba hawa. A watan Yuni aka sassauta kullen. Baba dai bai shiga jama'a ba sai ranar 20 ga Satumba, da Allah ya yi wa Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris rasuwa bayan shekara 45 a kan karaga. Ya ce wannan kam ba zai zauna ba, ya sa takunkumi ya tafi. Mako na zagayowa ya tada mashin ya nufi wajen mahaucinsa. Na ɗauka zai karɓe cefanen gaba ɗaya. Da ya dawo na miƙa masa katin, ya ce in riƙe: nama da kayan miya nasa, hatsi da mai da sauran busassun kaya nawa. A ƙarshen Disamba aka janye yajin aiki, farkon 2021 muka koma aji, rabon bai canza ba.

Yanzu 'yar ta yi aure ta bar gari, ƙaninta ke riƙe da wayar. Ya fi ta haƙuri, bai kai ta saurin amsa ba, wani lokaci saƙon safe sai azahar. An cire bencin, ana shiga ciki. An daina sayar da tumatir, na kuma ji daɗin haka. Dokar dubu biyu ta tashi ta koma sama tare da farashin komai, ita ma har yanzu ban yarda da ita ba. Zaurenmu na gida goma sha ɗaya ya koma shida, amma duk kaka muna haɗa kuɗin buhu.

Mai gida da yawan baki da ke son hatsi, wake, mai da kayan kaɗi ba tare da fargabar awo ba, garejin zai yi masa. Ɗalibin da ke haya a Kongo ko Gyallesu ya tambayi ƙullin ɗan makaranta, har yanzu ana haɗawa. Mai son ya taya a rage masa, ko mai neman ɗanyen kaya, ya wuce kasuwa. Kuma duk wanda zai fara, ya tura da wuri, ya rubuta a fili cewa kada a sauya masa komai sai an tambaye shi.

Shekaranjiya na tura jerin wannan watan, har da wake tiya uku. Bayan la'asar saƙon murya ya shigo. Hajiya ta gaishe ni, ta tambayi jikin Baba, sannan ta ce waken da ya shigo sabo ne bai gama bushewa ba, in na ajiye zai yi fumfuna, in ba ta mako biyu. Na cire shi daga lissafin, na ƙara accar Baba tiya ɗaya.